Gwiwar Kadiri Ba-Motsi

A Zangon Tamale, shekara guda bayan an sauke tutar Turawa an ɗaga ta Gana, babu wanda bai san Kadiri Ba-Motsi ba. Direba ne, gajere mai kaurin wuya, ya ba arba'in baya. Sunan kuwa ba a banza ya same shi ba. Ranar da wanzami ya zo cire masa haƙori, yana zaune yana ba shi labarin hanyar Kumasi, sai da wanzamin ya roƙe shi ya yi shiru ya buɗe baki. Ranar da lagireton mota ya feso masa tafasasshen ruwa a mashigin Yeji, kallon hannun kawai ya yi, ya ce a miƙo masa tsumma. Haka aka rene su a gidansu. Kakansa da ya sauko daga arewa da jakuna ɗauke da kanwa ya bar musu doka guda, cewa namijin gidan ba ya nuna an taɓa shi, kuma Kadiri ya riƙe dokar nan fiye da yadda ya riƙe karatun allo.

To amma wata takwas ke nan ba shi da mota. Alhajin da yake tuƙa wa ya sayar da motar goronsa ya koma fataucin shanu. Kadiri ya dawo zaman benci a ƙofar gida, inda matarsa Rakiyatu ke sayar da koko da ƙosai. Baƙin da ba su san shi ba sukan ɗauka shi ma jiran koko yake. Wata safiya wani ɗan ƙauye ya ce masa ya matsa, shi ya riga shi zuwa. Wannan ta fi masa ruwan lagireto zafi, ko da yake ita ma bai nuna ba.

Ana nan sai aka yi shela cewa ma'aikatar ayyuka ta sabuwar gwamnati za ta ɗauki direbobi shida don motocin gyaran hanya. Za a rufe sunaye ranar Juma'a ta mako mai zuwa, kuma ba a rubuta kowa sai ya kawo takardar likita.

Kadiri bai taɓa shiga hannun likita ba, don haka da la'asar ya nufi gindin darbejiyar bayan tasha, inda direbobi ke zama. A nan ya sami Abdulgafaru, sa'ansa kuma abokin tsokanarsa tun suna yaran mota, wanda ya sami irin aikin nan bara, yanzu ko masallacin Juma'a da kaki yake zuwa. Abdulgafaru ya gyara zama ya ba shi labari dalla-dalla. Za a leƙa ido, a leƙa baki, a saurari ƙirji da wata igiyar roba. Daga ƙarshe a ɗora mutum kan tebur mai tsawo ƙafafunsa na reto, likita ya ɗauko 'yar guduma ya ƙwanƙwasa masa gwiwa.

Kadiri ya tambayi abin da ake nema da wannan. Abdulgafaru ya ɗan juya hularsa, ya ce ai a bayyane yake, ana duba ko mutum mai firgita ne, gwamnati ba ta ba da motarta ga wanda ana taɓa shi zai zabura.

"Taka ta motsa?" in ji Kadiri.

"Tawa? Ko gezau."

Akwai wasu direbobin gwamnati biyu a wurin. Kadiri ya dube su, kowanne ya sunkuyar da kai ya ce tasa ma ba ta motsa ba. Su ukun nan ƙarya suka yi. Kowannensu ƙafarsa ta yi tsalle a kan teburin, kowanne kuma ya fito yana zaton shi kaɗai ne ya ji kunya, likita ya tausaya masa ya sa hannu. Shekara guda suna zama a inuwa ɗaya, suna cin goro ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa abin da duk suka yi.

Kadiri ya koma gida ya hau katangar tsakar gida, ya saki ƙafafu, ya ce Rakiyatu ta kawo muciya. Ta ce me muciya ta yi masa. Ya ce ta buga nan, ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Ta buga a hankali. Ƙafar ta yi sama ta hamɓare ƙwaryar gasarar da ke gabansa.

Suka tsaya suna kallon juna. Kadiri ya ce laifinta ne, ta buga ba ta ce za ta buga ba. Amma ya ga abin da bai taɓa gani ba, wani yanki na jikinsa ya yi abu bai nemi izininsa ba. Kwana uku yana kan katangar nan. Ya gano cewa in ya ɗaure tsokar cinyarsa tamau, kamar mai danne birki a gangaren dutse, ƙafar ba ta tashi. Rakiyatu ta buga da muciya, ta buga da ludayi, ranar Litinin har da taɓarya. Gwiwa ta yi tsami, ƙafa kuwa ta zama gungume. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin aikin da ake nema da duka ba. Ya ce ta bar maganar gwamnati ga waɗanda suka san ta.

Ranar Talata ya tafi. Likitan saurayi ne daga kudu, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dagbanci. Mai yi masa tafinta shi ne Andani, malamin asibiti, Badagombe mazaunin Gumbihini, wanda kullum da safe yake tsayawa da kekensa ya sha kokon Rakiyatu. Aka leƙa ido, aka leƙa baki, aka saurari ƙirji, duk lafiya. Aka ɗora shi kan tebur. Da ya ga gudumar, 'yar ƙarama mai kan roba, sai ya ji haushin kwana ukun da ya ɓata da muciya da taɓarya.

Likita ya ƙwanƙwasa. Shiru. Ya sake. Ya koma gwiwar hagu, ita ma shiru. Ya ce a gaya masa ya saki jiki. Kadiri ya ce a sake yake, ya ƙara ɗaurewa. Likita ya cire tabarau ya goge, ya ɗauko allura, ya tsikari tafin ƙafar, ya ce a tambaye shi ko ya ji. Kadiri ya ji ta har tsakiyar kansa.

"Gaya masa ya fara, ina jira," in ji shi.

Likita ya tsikari ɗan yatsa, ya tsikari ƙwauri, amsar dai ɗaya. Daga nan fuskarsa ta sauya. Ya sa aka cire wa Kadiri riga, ya kai shi bakin taga yana duba fatar bayansa a haske, yana mammatsa gwiwar hannunsa, yana girgiza kai. Kadiri ya ga girgiza kan nan ya fassara shi da mamaki. Likita ya yi rubutu mai tsawo, ya ce ya dawo ranar Juma'a da safe. Andani ya buɗe baki zai ƙara magana, amma Kadiri ya riga ya sa riga ya fice yana taku ɗai-ɗai.

Da la'asar ya gaya wa 'yan gindin darbejiya cewa likita bai taɓa ganin irinsa ba, har allura ya ƙara masa, kuma ya roƙe shi ya koma ranar Juma'a, watakila don a kira manya su gani. Abdulgafaru ya ƙware da goro, sai da aka bubbuga masa baya.

Washegari Andani ya jingine kekensa, bai ko karɓi koko ba ya ce a kira masa maigida. Kadiri ya fito yana shirin karɓar yabo. Andani ya durƙusa ya gaishe shi yadda Dagomba ke gaida manya, sannan ya faɗi abin da ke cikin rubutun. Likita yana tsoron jijiyoyin ƙafafun sun mutu, ko kuturta ce ke farawa, ko wani ciwo a gadon baya. In ranar Juma'a aka sami abin da aka samu jiya, ba maganar aikin gwamnati, kuma lasin tuƙin da ke aljihunsa ma za a karɓe, don ba a barin mai mataccen tafin ƙafa ya taka birki.

Rakiyatu ta ajiye matsamin ƙosai. Kadiri ya ce a sake faɗa.

Andani ya ɗauki tsinke ya zauna a ƙasa. Ya ce jijiyar da yake nufi ba ta jini ba ce, wasu fararen zaruruwa ne da suka ratsa jiki ko'ina, aikinsu kai saƙo. Wasu na ɗauko labari daga fata da tsoka, cewa ga zafi, ga sanyi, ga tsini. Wasu kuma na kai umarni, cewa tsoka kaza ta ja, tsoka kaza ta saki. Duk suna haɗuwa a laka, farar igiyar nan da mahauci ke zarowa daga cikin ƙashin bayan rago, ita ce babbar hanya har zuwa ƙwaƙwalwa. Ya zana mutum a ƙasa, ya ja layi daga gwiwa zuwa baya. Ya ce in guduma ta taɓa ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, tsokar cinya takan ɗan miƙe, saƙo ya ruga zuwa laka, laka kuwa ba ta jiran kowa, nan take take mayar da amsa ta wata jijiyar cewa a ja. Sai ƙafa ta tashi. Kai sai daga baya yake jin labari.

"Mba Kadiri," wato Baba Kadiri, in ji shi da Hausarsa ta Dagomba, wadda ba ta raba mace da namiji, "in akuya ya shiga gonan mutum, ana kai shi gidan sarki? Mai unguwa ne zai gama, da yamma a gaya ma sarki. Laka shi ne mai unguwa. Likita yana so ya gani ko mai unguwa yana nan da rai, shi ke nan."

Kadiri ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce wato ƙafa tana yanke hukunci ba da saninsa ba. Andani ya ce haka Allah ya yi kowa. Kadiri ya ce ban da shi. Ya ce bara ƙasa ta karɓi mulkin kanta, ya yi murna, har ya ɗauki mutane kyauta zuwa filin taro, amma ba a jikinsa za a ci gaba da rabon mulkin ba.

Rakiyatu ta sa baki. Ta nuna masa bayan hannunta, duk tabon mai. Ta ce shekara goma sha biyar tana suya, kuma kullum in mai ya fallatso, hannun yakan gudu tukuna, sai ya tsira sannan zafin ya iso. Da hannun yana jiran ta yi shawara, da yanzu ba ta da shi. Ta ƙara da cewa Lariba, matar Abdulgafaru, ta gaya mata a bakin famfo cewa ranar da mijinta ya dawo daga likita kwana ya yi bai ci tuwo ba, don ƙafarsa ta kusa cire wa likita tabarau.

Kadiri ya ce maganar bakin famfo a bakin famfo take ƙarewa. Sannan ya juya ga Andani a hankali, ya tambaye shi ko yana da wani ƙane direba da ke neman aikin nan. Don shi ya gane, so ake ya je ya yi tsalle a kan tebur kamar ɗan akuya, a kore shi, a ba wani. Andani ya rantse ƙannensa duk manoma ne. Kadiri ya ce manomi ma yana koyon tuƙi, ya shige gida ya hau katanga, ya kira a kawo taɓarya. Ba a kawo ba. Ta saman zana ya hango Rakiyatu ta cika wa Andani kwano har baki, ta ƙara masa ƙosai, suna magana ƙasa-ƙasa. Ya ce a ransa ai ga shi nan, har gidansa an saye.

Ranar Juma'a ya isa tun ana share baranda, lasinsa a aljihun gaba, hannunsa na kai masa ziyara a kai a kai. Mutane sun yi layi a waje ƙarƙashin taga. Aka kira shi, ya hau tebur, ya ɗaure cinyoyi tun ba a ce komai ba. Likita kuwa ko kallon ƙafafun bai yi ba. Andani ya ce an gama da ƙafa, yau ranar hannu ce, don motar gyaran hanya sitiyarinta nauyi gare shi, ba kowa ke iya murɗa shi ba. Ya nuna masa yadda zai sarƙe yatsun hannu biyu a gaban ƙirji, ya ja kamar zai raba su, ya cije haƙora, ya ɗaga kai yana ƙirga azarorin rufi. Ya ce Abdulgafaru bara da ƙyar ya kai azara ta bakwai.

Jin haka Kadiri ya sarƙe yatsu. Ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito, ya cije haƙora har suna ƙara, ya ƙura wa rufi ido. Ɗaya, biyu, uku. Duk ƙarfin jikinsa ya tattara ya koma kafaɗu. A azara ta takwas, daidai lokacin da yake jin daɗin ya wuce Abdulgafaru, wani abu ya taɓa gwiwarsa ta dama.

Ƙafar ta tashi kamar an harba ta. Takalminsa ya fice, ya bi ta taga, aka ji wata tsohuwa a waje tana salati. Kafin ya sauko da kansa likita ya taɓa ta hagu, ita ma ta bi 'yar'uwarta, ta doki daron wanke hannu, ya yi ta juyi a ƙasa yana ƙara har ya gaji ya kwanta.

Kadiri ya warware yatsunsa. Ya sauka daga tebur, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya ciro lasin ya ajiye gaban likita, ya ce Andani ya yi masa godiya, a ba wa namiji aikin. Likita yana ta dariya har da riƙe ciki, ya tura masa lasin, ya nuna masa tebur ya koma. Ya ɗauko allura ya tsikari tafin ƙafar, ya ce a tambaye shi, kuma a gaya masa hatimi yana jiran amsar nan.

Kadiri ya dubi allura, ya dubi hatimi, ya tuna kakansa, ya tuna bencin ƙofar gida da ɗan ƙauyen da ya ce ya riga shi zuwa.

"Akwai ɗan abu," in ji shi.

"Mba Kadiri, ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji. Ta ranar Talata ma na ji. Har yanzu ina jin ta."

Likita ya yage rubutun Talata. Ta bakin Andani ya ce jijiyoyinsa lafiya lau, saƙo na zuwa yana dawowa kamar na saurayi. Ranar Talata kansa ne ya aiko da umarni daga sama ya danne tsokar, yau kuwa an ba shi aiki a wani wuri, ya manta da cinya, laka ta yi abin da ta saba. Kadiri ya saurara da kyau. Ya tambaya, wato ba shi ne ya motsa ba. Andani ya ce ba shi ba ne, laka ce. Kadiri ya ce to a rubuta haka a takardar, a sa sunan wadda ta yi. Andani ya fassara, likita ya share hawaye ya ƙara wani layi a ƙasa, ya buga hatimi. Abin da ya rubuta Kadiri bai taɓa sani ba, amma ya sa an nuna masa layin da yatsa.

A waje tsohuwar na riƙe da takalmin. Ta tambaye shi ko dukan mutane ake yi a ciki. Ya ce a'a, gwaji ne na gwamnati, ya karɓa ya sa. Ya kai takarda ofis kafin kiran sallar Juma'a, aka rubuta shi na shida.

Ranar Litinin da la'asar ya zo gindin darbejiya cikin kaki mai ƙamshin sabunta. Abdulgafaru na zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana ba da labari. Kadiri ya yi sallama, ya sunkuya kamar zai ɗauki goro, ya sari ƙarƙashin gwiwarsa da gefen hannu. Ƙafar Abdulgafaru ta tashi ta kifar da buta. Sauran direbobin biyu suka sauke ƙafafunsu ƙasa a hankali, suka rufe gwiwoyi da tafin hannu. Abdulgafaru ya tayar da butar, ya matsa masa wuri a benci.

Bayan wata biyu aka sake neman direbobi. Wani mai suna Issah, mutumin Lamashegu mai 'ya'ya biyar, ya zo gindin bishiyar neman shawara. Aka ba shi labarin ido da baki da ƙirji, aka zo kan guduma. Ya dubi Kadiri, don shi ne mai suna, ya tambaye shi ko tasa ta motsa. Abdulgafaru ya daina tauna.

"Tawa?" in ji Kadiri. "Ko gezau."

Da ya koma gida ya daɗe yana wanke ƙafa a bakin randa. Can ya tambayi Rakiyatu, ba tare da ya dube ta ba, ko ta san matar Issah na Lamashegu. Ta ce suna haɗuwa wurin niƙa. Ya ce to gobe ta yi sammakon niƙa, kuma in magana ta kawo magana har kan gudumar likita, kada ta ambaci sunansa, ta ce Abdulgafaru ne.

Rakiyatu ta ce gasararta ta jibi ma a niƙe take. Ya ce ta ƙara.